Sunan da Yaro Zai Iya Ɗauka

 Sharhinmu na yau a kan suna ne, sunan da ake raɗa wa jariri ranar bakwai. Duk mai halartar taron suna a 'yan shekarun nan, a Kano ne ko Damagaram, a zangon Kumasi ne ko Garwa, ya ga abin da ya sauya. A da liman zai yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya ce an samu Abdullahi ko an samu Hauwa'u, jama'a su shafa su ce Allah ya raya, a raba goro a watse. Yanzu sau da yawa sai sanƙiran ya sake duƙawa ya tambayi uban jariri, "Me ka ce?" Idan sunan ya shiga cikin gida, kaka ta gwada sau biyu harshenta ya ƙi, sai ta ce, "Allah ya raya, ni dai Ladi zan riƙa kiranta."

Inda sunayen nan ke fitowa ba ɓoyayye ba ne. Wasu daga fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa, wasu daga wasannin kwaikwayon Turkiyya masu dogon zango, wasu daga littattafan soyayya, wasu kuma daga jerin sunayen da ake turawa ta waya, kowane suna da ma'anarsa a gefe, ba a san wanda ya rubuta ba balle a tambaye shi hujja. Iyaye matasa suna son ɗansu ya fita daban. A ajin da ke da Muhammadu shida da A'isha biyar, uwa tana son idan an kira 'yarta ita kaɗai za ta waiwayo. Wannan buri ne na ƙauna, kuma bai kamata a raina shi ba. Abin da ya rage shi ne yadda za a gane baƙon sunan da yaro zai iya ɗauka, da wanda zai zame masa kaya.

Mu fara da adalci. Baƙuntar suna ita kaɗai ba laifi ba ce. Alƙur'ani mai girma, a Suratu Maryam, ya ba da labarin yadda aka yi wa Annabi Zakariyya bushara da ɗa mai suna Yahaya, sunan da ba a taɓa sa wa kowa ba kafin shi. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna karanta labarin a Linjilar Luka, inda dangi suka yi ƙorafi cewa babu mai wannan suna a zuriyar, amma iyayen suka tsaya a kansa. Sunan Muhammadu, wanda ya cika duniya a yau, ba sananne ba ne a wurin Larabawa lokacin da Abdulmuɗɗalib ya sa wa jikansa. A nan ƙasar Hausa, lokacin da aka haifa wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tagwaye a shekarar 1793, namijin ya samu sunan Hassan kamar yadda aka saba, macen kuwa Shehu bai bi al'adar sunan tagwaye ba, ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Ita ce Nana Asma'u da duniya ta sani. Sunan Murtala ma ya ƙara bazuwa ne bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun 1976, lokacin da iyaye suka yi ta yi masa takwara. Kowane suna da muka saba da shi a yau akwai ranar da ya kasance baƙo.

To idan haka ne, ina matsalar take? Matsalar tana wurin mai sunan. A ranar bakwai an tara jama'a, an yanka rago, wanzami ya yi aski, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, ban da mutum ɗaya, wato jaririn da ke hannun mai jego. Shi ne zai amsa sunan a makarantar allo, shi za a kira da shi a gaban aji, shi zai rubuta shi a takardar neman aiki, da shi za a ɗaura masa aure, da shi za a sanar da rasuwarsa. Iyaye za su ji daɗin sunan na 'yan watanni, shi kuwa zai yi shekara saba'in yana ɗauke da shi idan Allah ya yi masa tsawon rai. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wanda aka sa wa linzamin ba a shawarce shi ba, don haka wajibi ne masu zaɓa su zaɓa domin sa.

Addini da doka sun haɗu a kan cewa suna haƙƙin yaro ne. Malamanmu na zaure suna karantar da hukuncin yankan suna a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, kuma Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen jariri, Tuhfatul Maudud, ya ware babi a kan sunaye. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 7, ta ce a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi kuma yana da haƙƙin samun suna. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta maimaita hakan, har ta yarda a sa sunan a ranar da al'adar iyaye ta tanada. Haƙƙi kuwa idan za a bayar da shi, da kyau ake bayarwa.

Abu na farko da za a auna shi ne ma'ana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha sauya sunayen da ma'anarsu ba ta dace ba. Wata 'yar Sayyidina Umar tana da suna mai nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Matansa biyu, Zainab da Juwairiyya, da can Barra ake kiran su, ya sauya saboda sunan na ɗauke da yabon kai. Akwai kuma labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib, babban malamin Madina, wanda sunansa ke nufin tsauri. Annabi ya ba shi suna mai nufin sauƙi, ya ce ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Sa'idu ya ba da labari cewa tsaurin nan bai bar gidansu ba bayan haka.

A nan ne iyaye da yawa ke tuntuɓe da kyakkyawar niyya. Mutum zai ji kalma mai daɗin sauti a karatu, ya ce ai a Alƙur'ani take. Alƙur'ani ya ambaci Aljanna, ya kuma ambaci wuta da abincin 'yan wuta. Hawiya da Laza da Saƙar duk sunayen wuta ne. Gislin abincin 'yan wuta ne. Tukazziban, da ake maimaitawa a Suratur Rahman, aiki ne na ƙaryatawa. Kowanne a cikinsu yana da zaƙi a kunnen wanda bai san Larabci ba. Rubutun boko kuma yana ƙara rikita lamarin, domin haruffan Larabci daban-daban sukan zama harafi ɗaya a wurinmu. Sunan nan da aka sauya wa 'yar Sayyidina Umar, da boko Asiya za a rubuta shi, daidai da sunan Asiya matar Fir'auna, mace ta gari da Alƙur'ani ya buga misali da imaninta, alhali a Larabci kalmomi biyu ne da ba su haɗa komai ba. Akwai kuma sunayen da Allah kaɗai ya keɓanta da su, irin su Arrahman da Alkhaliƙ, waɗanda ba a sa wa ɗan'adam sai an gabatar da Abdu. Saboda haka duk sunan da aka ce na Larabci ne, a rubuta shi da haruffan Larabci a kai wa malamin da ya karanci lugga. Idan na Indiya ne ko na Turkiyya, a binciko asalinsa, domin sunayen Indiyawa da yawa, irin su Lakshmi da Krishna, sunayen abin bautarsu ne, kuma Musulmi da Kirista duka za su so su san hakan kafin su yanka rago.

Abu na biyu, harshen mutanen gida. Kakanninmu ba su karɓi sunayen Larabawa yadda suka zo ba, sai da suka tausasa su suka zauna a bakin Bahaushe. Khadija ta zama Hadiza da Dije, Maryam ta zama Mairo, Ibrahim ya zama Iro, Isma'il ya zama Sama'ila, Idris ya zama Idi. Kiristocin Hausa suna da Bitrus da Bulus da Yohanna. Duk sunan da ka kawo, haka mutanen unguwa za su yi masa, ko ka so ko ka ƙi. Saboda haka kafin ranar suna ka faɗa wa tsohuwar gidanku sunan, ka saurari yadda zai fito daga bakinta. Abin da ta faɗa shi ne ainihin sunan da yaron zai tashi da shi. Idan abin da ya fito yana da daɗi, madalla. Idan ya fito a karye, ko ya koma wata kalma da ba ka so, to ka ga ƙarshen lamarin tun ba a je ko'ina ba.

Abu na uku, bakin yara 'yan'uwansa. Suna yana iya zama kyakkyawa a ƙasarsu, ya zo nan ya yi karo da kalmar Hausa. A wurin Larabawa Zina, da jan wasalin farko, ado take nufi, amma wace yarinya ce za ta iya zama a ajin firamare a Katsina da wannan suna? Magabatanmu sun hango haka, shi ya sa Zinatu muke da ita. Hana suna ne mai nufin jin daɗi, a Hausa kuwa kowa ya san hana. Maya suna ne da ake yayi a ƙasashe da dama, amma taƙi ɗaya ne tsakaninsa da mayya, kuma mun san abin da wannan kalma ke jawo wa mace a cikin al'ummarmu. Babba yana iya kawar da kai daga tsokana. Yarinya 'yar shekara bakwai da ake rera mata waƙar zolaya kullum a hanyar makaranta ba ta da wannan ƙarfin, kuma wani yaron daga nan yake fara ƙin zuwa makaranta ba tare da ya faɗi dalili ba.

Abu na huɗu, tsawon zamani. Jariri ba ya dawwama jariri. Ka ɗauki sunan ka sa masa Malam a gaba, ka sa Hajiya, ka sa Alƙali, ka sa Likita, ka ji ko zai tsaya. Ka ƙaddara jikoki suna cewa gidan kaka wance za mu. Sunan da ya dace da 'yar wata uku a cikin zanin goyo, wani lokaci nauyi yake yi wa mace mai shekara hamsin ta faɗe shi a gaban surukai. Haka nan a yi hattara da sunan wanda tauraronsa ke haskawa a yau. Lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991 an sa wa yara da yawa Saddam a Arewa, don zuciya ta ɗau zafi a lokacin. Yaran nan yanzu magidanta ne, zamani ya juya, su kuma suna nan da sunan da ke ɗaure su da siyasar da ba su san farkonta ba. Ɗan wasa ko ɗan siyasar da ke raye bai gama rubuta tarihinsa ba. Annabawa da sahabbai da salihan bayin da suka riga mu gidan gaskiya an riga an san yadda suka cika.

Abu na biyar, takarda. Yaron yau yana rayuwa ne tsakanin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da lambar NIN, da lambar BVN ta banki, da fasfo. Tun 2021 sai da lambar NIN ake yin rajistar jarrabawar JAMB. Kwamfuta ba ta san cewa Khadija da Khadeejah da Hadiza mutum ɗaya ba ce. Idan sunan da kowa ya sani yana samun rubutu uku, ina ga wanda malamin firamare bai taɓa ji ba? Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardu biyu, sai a shiga rantsuwa a kotu da buga sanarwa a jarida da kashe kuɗi. Mutanenmu da ke zirga-zirga tsakanin Najeriya da Nijar sun san wannan da kyau, inda Usman ke zama Ousmane, Yusuf ya zama Issoufou, A'isha ta zama Aïchatou. Duk sunan da aka zaɓa, a tsayar da rubutu ɗaya tun ranar farko, mai sauƙi, a yi rajista da shi, kada a ƙara masa haruffan ado.

A wasu ƙasashe hukuma ce ke shiga tsakanin iyaye da jariri. A Faransa, tun daga 1803 doka ta taƙaita sunaye ga waɗanda ke cikin kalanda da na mutanen tsohon tarihi, sai a 1993 aka sakar wa iyaye mara, amma aka bar wa kotu ikon hana sunan da zai cutar da yaro. Da wannan iko ne wata kotu a arewacin ƙasar ta hana wasu iyaye sa wa 'yarsu Nutella, sunan wani cakulan da ake shafa wa burodi. A Niyu Zilan, a 2008, wani alƙali ya sa wata yarinya 'yar shekara 9 ƙarƙashin kulawar kotu domin a sauya mata suna, saboda iyayenta sun sa mata jimla guda ta barkwanci, har tana ɓoye sunan ga ƙawayenta. A can kuma ofishin rajista yana ƙin karɓar sunayen da suka yi kama da muƙami, irin su sarki da yarima, alhali mu a nan Sarki da Yarima da Amir sunaye ne da ba wanda zai ɗaga gira a kansu. Wannan ya nuna cewa dacewar suna tana tafiya ne da wurin da yaro zai tashi. Mu ba mu saba kai irin wannan magana gaban alƙali ba. Zaure da ɗakin kaka da majalisar malam su ne ke yi mana wannan aiki, idan mun ba su dama.

Kuma kakanninmu sun bar mana mafita da ta ishe mu. Bahaushe suna biyu gare shi, sunan yanka da laƙabi. Sunan yanka shi ne na addu'a da ɗaurin aure da takarda. Laƙabi shi ne na gida, inda ake zuba ƙauna da tarihin haihuwa. Tanko shi ne namijin da ya biyo mata, Kande macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Azumi wadda aka haifa da watan azumi, Anaruwa wanda ya zo ana ruwan sama, Audi wanda ya zo bayan rasuwar mahaifinsa. Ko uwar da 'ya'yanta ke mutuwa, ta kira jaririnta Ajuji ko Ayashe don fargabar kada shi ma ya tafi, ba ta hana shi sunan yanka mai kyau ba. Alkunya ma ta buɗe wannan ƙofa, domin yarinyar da ta ci sunan kakarta Ummi ko Walida ake kiranta, yaron da ya ci sunan kakansa a kira shi Abba ko Khalifa. Saboda haka uwar da ranta ya kwanta da wani baƙon suna mai ma'ana mai kyau, amma tana shakkar ko zai ɗore, ta sa shi a laƙabi. Idan yaron ya girma ya ji daɗinsa, ya riƙe. Idan ya yi masa nauyi, ya ajiye ya koma sunan yanka, ba kotu ba jarida.

Wanda kuma ke neman sunan da ba kowa ke da shi ba, ba sai ya tsallaka teku ba. Tarihin sahabbai cike yake da sunayen da ba mu cika sawa ba, irin su Nusaiba da Khaula da Rufaida da Miƙdad da Ukasha. Harshenmu ma yana da nasa. Kiristocin Hausa sun daɗe suna sa Alheri da Godiya da Murna da Salama da Ƙauna, sunayen da kowane mai jin Hausa ya san ma'anarsu ba tare da tafinta ba. Kyauta da Yalwa da Dogara suna nan. Yau a birane sunan Hausa na asali ya fi na fim ƙaranci, kuma babu kakar da harshenta zai ƙi shi.

Akwai magana ga dangi ma. Dattawa, idan yaranku sun kawo sunan da ba ku saba ji ba, ku tambayi ma'anarsa kafin ku yanke hukunci. Idan ma'anar tana da kyau, ana iya faɗarsa, ba ya jawo zolaya, to ku sa albarka, domin rashin sabo ba hujja ba ne. Magidanta, ku tuna wadda ta ɗauki ciki wata tara ta sha naƙuda tana da bakin magana, kada ta ji sunan ɗanta daga bakin sanƙira kamar baƙuwa. Malaman makaranta da sauran jama'a, idan kun haɗu da yaro mai baƙon suna, ku koyi faɗarsa daidai, ku hana a yi masa dariya, domin ba shi ya zaɓa ba. Wanda kuma ya girma ya gano sunansa na da mummunar ma'ana, ya sani sauyawa halal ce, Annabi da kansa ya yi wa sahabbansa.

Jama'a, tsakanin haihuwa da suna kwana bakwai ne, kafin su kuma akwai wata tara. Lokacin ya isa a yi bincike. Ku kai sunan wurin malamin da ya san harshen da ya fito, ku faɗa wa tsofaffin gida ku ji yadda zai fita, ku tsayar da rubutunsa, miji da mata ku yarda da shi tare, sannan a kira liman. Idan shakka ta rage, ku ba yaro sunan yanka da ba shi da gardama, ku bar kwalliya ga laƙabi. Allah ya raya mana zuriya, ya sa su amsa sunayensu da farin ciki duniya da lahira.